Maiwada da Baturen Gwangwani

Maiwada taubashina ne, don haka ina da damar faɗin gaskiya a kansa: ban taɓa ganin mai gardama irinsa ba. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Maradun, har shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonar da ya gada. Aka nuna masa wani fako mai tsakuwa a kan tudu, aka ce nasa ne. Ya duba, ya yi tsaki, ya rantse ba zai jefa ko ƙwaya a wurin ba. Abin da ya tsira da shi dami ɗaya ne na irin geron mahaifinsa. Kullum sai ya ce wa matarsa Taibatu ta sussuke shi a yi fura a huta, ita kuma kullum sai ta ce turmi ya jiƙe.

Ana haka masu aikin dam suka fara haska majigi a jikin bango a Talata Mafara bayan magariba. Labarin ƙarshen duniya ne: garuruwa sun ƙone, mutane sun ƙare, saura wani Bature da ke yawo da gwangwani, a ciki ƙwayar hatsi guda. Maiwada bai jin Turanci ko na zagi, amma sau biyar yana taka ƙafa zuwa kallo, kuma kowane zuwa sai ya ɓata wa jama'a rai.

"Ku duba haƙoran wanga mutum!" in ji shi. "Duniya ta ƙare, shi ina yas samu asawaki?"

Aka ce ya yi shiru. Ina! Da Baturen ya durƙusa ya tona rami da cokali, Maiwada miƙewa ya yi har inuwarsa ta rufe rabin bangon.

"Ƙwaya guda rami guda? Ba ruwan shuka, ba sungumi, ko dunduniya bai sa ba! Wallahi ko zabuwa sai ta yi mai dariya."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda tsiron ya fito nan take, kafin Baturen ya gama share gumi.

A hanyar gida na ce, "To sarkin noma, in duk ƙarya ce, mi ka kawo ka har sau biyar?"

Sai ya ce, "Wurin da yunwa tac ci shi, ya buɗe gwangwani, ya duba, ya maida murfi. Wanda yat tsara wurin nan ya san yunwa." Ban zolaye shi ba, don na ji abin har cikin raina.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ga Maiwada da sungumi a kafaɗa. Ya tara mu shaidu, wai zai shuka fakon ne kawai don kowa ya ga hatsi ba ya fita a tsakuwa, a daina yaudarar mutane da majigi. Taibatu ta miƙo irin a ƙwarya, ashe tun tuni ta sussuke shi ta ɓoye a tulu. Mai neman ƙaryata Bature dai na ga har taki ya kai, kuma kowane rami sai da ya danna da dunduniya sau biyu.

Rana ta huɗu da hantsi na same shi tsugune a gonar. Geron ya huda ƙasa layi-layi. Yana shafa wani tsiro da yatsa, hawaye na bin gemunsa.

Na ce, "Ashe Bature ya yi gaskiya?"

Ya share fuska da hula. "Gaskiyar mi? Na Bature nan take yaf fito. Na Baba sai da yak kwana huɗu."