Harsasan Sa'idu da gafarar da bai nema ba

Bana shekara tara ke nan da muka kai Injiniya Sa'idu makwancinsa a nan Manchester, kuma kusan duk tsawon shekarun nan ana ta yafe masa laifin da bai yi ba. Ni na san bai yi ba, ni ne kuma na ja bakina na yi shiru. Don haka wanda ya zo neman irin yabon nan da aka saba jerawa mamaci ya yi haƙuri. Raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin ran a kaina yake.

Sa'idu Bazazzage ne, injiniyan gadoji. Na san shi tun ina ɗalibi a wani ɗan ɗaki a Hulme, shi kuma ya riga ya yi aure ya tare a Levenshulme da matarsa Hajiya Rabi. Shi ya ja ni zuwa kulob ɗin harbi da ke bayan gari, inda ake kwanciya rub da ciki ana auna takarda daga nesa. Mu uku ne Hausawa masu lasisin riƙe bindiga a wurin: ni, da shi, da Alhaji Mamuda, wani akanta mazaunin Balsall Heath a Birmingham, wanda ya girme mu nesa ba kusa ba, kuma ba a yin taron Hausawa a ƙasar nan sai da shi a kujerar gaba. Bindigoginmu uku duk girman harsashi ɗaya suke ci. Ni da Alhaji a kanti muke sayen namu. Sa'idu shi yake haɗa nasa da hannunsa.

Yana da wani ɗan ɗakin katako a bayan gida, kullum a kulle. A nan yake zama da sikelinsa, da abin matsa harsashi, da wani littafi mai baƙin bango. Zai ɗauki kwanso, ya auna albarushi, ya zuba, ya ɗora kan harsashi ya zaunar da shi, sannan ya auna tsawonsa ya rubuta. Guda ɗaya sai ya ci masa lokacin da wani zai sha shayi ya wanke kofi. Nakan tsokane shi in ce ko mai sayar da zinare bai kai shi ƙididdiga ba. Ba ya ko ɗago kai.

Abu biyu ya sha yi mini bayani har na haddace, ko da yake ban taɓa haɗa ko guda ba. Na farko, akwai haɗin da albarushi ke cika kwanso taf, har idan aka zaunar da kan harsashin sai ya danne shi, ka ji wani ɗan ƙuras-ƙuras kamar an taka tsakuwa. Wasu haɗe-haɗen haka littattafan sana'ar suka yarda da su, amma babu wurin kuskure a cikinsu, kuma in sun daɗe a ajiye albarushin da aka danne yakan turo kan harsashin waje kaɗan, tsawon ya canza. Na biyu, zurfin da ake zaunar da kan harsashi ba abin ado ba ne. Kowace bindiga da irin maƙogwaronta. Tasa tsohuwa ce, harbi ya cinye mata maƙogwaro ya yi tsawo, saboda haka yakan bar kan harsashinsa ya fito waje fiye da na kanti. A tasa lafiya lau. A wata mai gajeren maƙogwaro, harsashin zai je ya cije kafin a taɓa kunama, ƙarfin wutar ya rasa inda zai bi.

Wata rana nawa suka ƙare ana tsakar harbi, na miƙa hannu zan ɗauki biyu a akwatinsa. Ya buge mini hannu a gaban Turawa.

"Bala, ko ubana ne ya tashi daga kabari ba zan ba shi ba," in ji shi. "Na bindigata ne, only. In ka ga na ba mutum, to ba na son sa."

Na yi fushi kwana biyu. Shi ko a jikinsa.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Ana saura 'yan kwanaki ya cika, na je asibiti, ya sa Hajiya Rabi ta fita sayo ruwa. Bai yi mini wasiyyar gida ko ta yara ba, wannan ya riga ya gama da ita. Cewa ya yi akwai akwatuna huɗu a ɗakin katako, in ya mutu in kwance su ɗaya bayan ɗaya, in raba kai da kwanso, kada ko guda ya shiga bindigar wani. Ya sa na maimaita. Na ce masa ya daina irin wannan magana, zai tashi. Ya ce in maimaita dai. Na maimaita.

Bayan rasuwar aka bi ƙa'ida, bindigar ta koma hannun dillali mai lasisi, harsasan kuma, da littafin nan nasa, suka dawo wurina tunda takardata ta halatta mini riƙe irinsu. Na ce sai hankali ya kwanta zan zauna in kwance. Ranar sadakar arba'in, falo cike da mutane, ana ta rabon rigunansa da hulunansa ga abokai kamar yadda aka saba, sai Alhaji Mamuda ya gyara murya.

"Malam Bala, ni ba na son riga. Akwati ɗaya na harsasan nan za ka ba ni, in riƙa tunawa da ƙanena. Licence ɗina ya yi covering, kada ka damu."

Kowa ya ce Allah sarki. Wani har da share hawaye. Na buɗe baki in ce marigayi ya hana, sai na ga idanu sun yi mini caa, ga dattijo ya roƙi abin tunawa a gaban jama'a, ga ni yaro a kansa. Na ce, "To, Alhaji." Kalma biyu. Washegari na kai masa har mota, na ce dai a ajiye su, kada a harba. Ya yi dariya ya ce shi da ya fara riƙe bindiga tun ina goye.

Bayan wata biyar ya kai su fili da sabuwar bindigarsa. Wanda ke kwance kusa da shi ya gaya mini daga baya cewa bindigar ta ƙi rufuwa, Alhaji ya sa tafin hannu ya doke ta har ta rufu. Duk wanda ya yi mako ɗaya a kulob ya san in bindiga ta ƙi rufuwa magana take yi maka. Ga shi bai sa gilashin kare ido ba, wai yana hana shi gani. Kwanson ya tsage, wuta ta dawo baya. Idonsa na dama bai sake gani ba.

Kafin ya fito daga asibiti labari ya riga ya zaga Birmingham ya dawo Manchester, kuma ga yadda ya dawo: Injiniya ya cusa albarushi fiye da kima, ciwo ya taɓa masa hankali a ƙarshe, Allah ne ya tsare da shi kansa abin zai tashi da shi. Mutanen da ba su san gaban harsashi da bayansa ba su ne suka fi kowa bayani. Ban ji Alhaji ya ƙirƙiri wannan magana da bakinsa ba. Amma ya ji ta, ta yi masa daɗi, ya bar ta ta yi ta yawo.

Ni kuma na shiga ɗaki da akwatuna ukun da suka rage, na yi aikin da aka sa ni tun farko. Na ari sikeli, na kwance su duka, ina aunawa ina duba littafin nan mai baƙin bango. Babu guda ɗaya da ya kauce wa abin da ya rubuta. Mutumin da ake cewa ciwo ya taɓa masa hankali bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Hujja ta zo hannuna tun a lokacin, na mayar da littafin cikin durowa na rufe, domin in na wanke Sa'idu dole a tambayi wanda ya ba da akwatin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da Hajiya Rabi ta ji abin da ake faɗa, sai ta ce ba za ta bar mijinta da haƙƙin idon mutum a kabari ba. Ta roƙe ni in kai ta Birmingham. Ni na tuƙa motar. Ta durƙusa a falon Alhaji, ta ce ta zo neman gafara a madadin marigayi. Alhaji ya gyara zama, ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Aka shafa fatiha. Ina zaune a gefe ina cewa amin.

Tun daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara in ranar rasuwar ta zagayo, sai Alhaji ya turo saƙo a zaurenmu na waya, ya yi wa Sa'idu addu'a, ya ƙara da cewa shi dai ya yafe. Sai a yi ta jera masa yabo, ana cewa ga dattijo mai zuciyar imani. Wace irin gafara ce wannan da ake sabunta ta kowace shekara a bainar jama'a? Wanda ya yafe da gaske yakan yi shiru ne. Wannan tuni ne ake yi wa mutane, don kada su manta wa ake zargi.

Nakan tambayi kaina abin da Sa'idu zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu yara masu sabon lasisi a waya suke koyon haɗi, wani ya cika kwanso yana dariya yana cewa shi ya wuce abin da littafi ya ce, dubbai suna tafa masa. Na san zai yi tsaki ya kashe wayar. Amma ba na jin su za su fi ba shi haushi. Mu ne, manya da furfurarmu, da muka ɗauki kunya muka ɗora ta sama da maganar da mutum ya bari yana kan gadon mutuwa. Shi bai taɓa jin kunyar cewa a'a ba, shi ya sa wasu ke ce masa mai taurin kai. Da na yi rabin taurin kansa na minti ɗaya a falon nan ranar sadakar arba'in, da Alhaji na da idonsa, da Sa'idu na da sunansa.

Bai bar dukiya mai yawa ba, gadojin da ya yi aiki a kansu kuma babu sunansa a jiki. Abin da ya bari shi ne aikin da za a iya kwancewa bayan ransa a auna a same shi daidai. Mutane kaɗan ne za a yi wa haka su tsira, ni dai ba na cikinsu. Alhaji, na san za a karanta maka wannan. Ina jin zafin idonka har ga Allah, kuma ni ne na miƙa maka akwatin, in akwai mai neman gafararka ni ne. Amma bana ka riƙe saƙonka.

Makon jiya na ɗauki littafin na tafi Levenshulme. Hajiya Rabi ta kawo mini shayi, na ce ta zauna, na faɗa mata komai, tun daga asibiti har zuwa akwatuna ukun. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana shafa bangon littafin.

"Ashe ya faɗa maka," ta ce. "Malam Bala, ka san abin da ban taɓa gaya wa kowa ba? Shekara tara ina yi masa addu'a, amma a ƙasan raina haushinsa nake ji. Ina cewa ya tafi ya bar ni da abin kunya. Mutumin da bai taɓa yi mini komai ba. Wa zai biya ni wannan?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce in fara rubutawa tukuna, in sa sunana, kowa ya gani. Sannan ta tashi ta ɗauke shayin da ban taɓa ba, ta shige ciki da littafin a hannunta.