Injin da Japheth Ya Aiko

Duk wanda ya yi zaman Samaru a shekarun dubu biyu da 'yan kai, in dai yana bin hanyar Sabon Gari, ya san farar Fijon Malam Mordecai ko da bai san mai ita ba. Doguwa ce, irin mai ɗaukar iyali da buhunan masara, kuma da abu ɗaya ta yi suna: mutuwa a mahaɗar Kwangila. Da zarar an rage gudu sai ta yi tari biyu ta yi shiru. Dattijo ya fito a natse, ya ɗaga bonet, ya gyara tabarau yana kallon inji kamar mai karanta jarida, 'yan acaɓa suna wucewa suna cewa, "Baba, a kai ta gidan tarihi mana!" Shi ko a jikinsa. Littafi yake zarowa daga aljihu ya rubuta ƙarfe nawa ta mutu.

Mutane sun ɗauka rowa ce ta hana shi gyara. Ba rowa ba ce, kuma da sun sani da ba su yi masa dariya ba.

Malam Mordecai ya zo Samaru daga wajen Zonkwa tun yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin malamin gona a gonar bincike ta jami'a. Aikinsa auna tsawon dawa da rubuta yawan ruwan da aka yi kowace safiya, har ya zama abin da ba a rubuta ba a wurinsa bai faru ba. Dattijon coci ne, ba ya ƙarya, ba ya cin amana, amma in ransa ya ɓaci bakinsa ya fi reza. Ɗansa na fari, Japheth, ya shiga jami'a ya yi shekara biyu, sai ya ajiye karatu ya koma koyon wayarin mota a Chikaji. Ranar da maganar ta fito, a gaban uwar yaron Malam ya ce, "Ni ɗalibi na haifa, ban haifi mai baƙin mai ba. Tunda gareji ka zaɓa, gareji ne ubanka." Magana zarar bunu ce. Japheth ya tattara kayansa ya tafi Legas, daga can aka ji ya haye Jamus yana aiki a wani garejin. Shekara tara wasiƙa tana zuwa da sunan uwarsa Clara, a can ƙasan takarda a rubuta "a gaida Baba". Malam yakan karanta wannan layin in matarsa ta tafi zumuntar mata, ya ninke takardar yadda ya same ta.

A shekarar dubu biyu da huɗu injin Fijo ya buga. Clara, wadda ta sayi wayar salula a lokacin, ta faɗa wa ɗanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Bayan wata huɗu Ikechukwu, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, ya aiko a zo a ɗauki kaya da suka zo cikin nasa. Inji ne fes, irin na zamani mai injekta, wanda ba ya amfani da kafireta. Wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kira ƙwaƙwalwa shi ke auna masa mai da iska. A jikin akwatin an manna ambulan, kuma a karon farko sunan Malam ne a kai. Layi biyu ne kawai: "Baba, ni na saita ƙwaƙwalwar da kaina, kada kowa ya taɓa. Zan kira ka ranar Lahadi ƙarfe huɗu." A ranar Malam, mutumin da ya ce salula kayan 'yan iska ce, ya shiga kasuwa ya sayi tasa, Clara ta tura wa ɗan lambar.

Wanda ya ɗora injin shi ne Ɗalhatu, makaniki a bayan layin dogo a Sabon Gari, wanda ke duba Fijon shekara ashirin. Ɗalhatu ba ya karatun boko, da kunne yake aiki. Sai ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗa maka fulogi na nawa ne ba ya ci. Ya haɗa komai yadda ya kamata, mota ta tashi, a kan titin Funtuwa tana gudu kamar za ta bar ƙasa. Amma da an cire ƙafa daga totur sai ta mutu.

"Malam," in ji Ɗalhatu, "akwatin nan da sanyin Turai aka saita shi, da man Turai. Bai san zafin Zazzau ba, bai taɓa shan man 'yan bumburutu ba. Duk motan Beljiyam, gwanjon Turai, da ta shigo garin nan abu ɗaya muke mata: a cire injekta a sa kafireta. Ba ni wuni ɗaya, in saita maka silo da kunnena yadda ba za ta mutu a tsaye ba, ka manta da ita."

"Bari mu ji abin da yaron zai ce," in ji Malam.

Ranar Lahadi bayan an taso sujada ya ƙi cin abinci. Tun uku da rabi yana zaune a gindin mangwaro kusa da mota, waya a cinya. Da ta yi ƙara sai da ya danna wuri biyu kafin ya samu.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

Shiru ya biyo baya, irin shirun da ya tara shekara tara, kuma babu wanda ya san ta inda zai ɗaga shi. Japheth ne ya samo hanya. "Baba, ka tayar da ita, ka kawo wayan kusa da inji in ji."

Minti arba'in suka yi. Ɗan yana cewa a juya wani noti rabin zagaye, uban yana juyawa yana ba da rahoto, hannunsa dumu-dumu da baƙin man da ya taɓa zagi. Mota ba ta gyaru ba. Japheth ya ce a lura da ita cikin sati, zai sake kira.

Haka Lahadi ta zama ranar mota. Malam ya buɗe sabon littafi, yana rubuta inda ta mutu, da zafin ranar, da gidan man da ya sha. Japheth ya aiko da wata ƙwaƙwalwar ta hannun wani matafiyi, ta yi kwana goma lafiya ta koma gidan jiya. Sai dai a tsakanin noti da noti wasu abubuwa sun fara ɗigowa. Wata rana aka ji kukan yarinya a bayan waya, Japheth ya ce, "Edith ce, haƙori take fitarwa," Malam ya ja baya daga mota don kada ƙarar inji ta rufe muryar jikar da bai taɓa gani ba. Wata rana kuma ɗan ya ce, "Baba, ka tuna Kirsimetin da muka kafe a hanyar Kachiya, Mama ta tura mota da sabon zaninta?" Suka yi dariya tare, har Clara ta leƙo daga kicin ta koma tana goge ido da bakin ɗankwali.

Malam ba wawa ba ne. Tun cikin wata na uku ya gane Ɗalhatu ke da gaskiya, kuma ya gane wani abin da ya fi wannan nauyi: ba ya so motar ta gyaru. Yana kewar ɗansa, kewa mai hana cin tuwo, kuma bai san wata ƙofar shiga wurinsa ba sai ta ƙarƙashin bonet. Sau da yawa ya shirya kalmar "ka yafe mini", har ya rubuta ta a bayan littafin, amma in waya ta yi ƙara sai ya ji kansa yana cewa, "Ranar Laraba ta mutu sau biyu a Palladan."

Ɗalhatu kuwa abin ya tsaya masa a rai. In Malam ya kawo canjin baƙin mai sai ya ce, "Likitan waya me ya rubuta wannan satin?" Wata rana ya ajiye wasa ya ce, "Shekara ashirin ina jin numfashin motan nan. Yanzu kunnen da ke Jamus ya fi nawa da ke tsaye a gabanta? Mutane suna ganin ta mutu a titi, suna cewa aikin Ɗalhatu ne." Malam ya ba shi haƙuri, bai yi masa bayani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aka shafe kusan shekara biyu a haka. Sai wata Talata da daminar dubu biyu da shida, da tsakar rana, Clara tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. Dama tana fama da hawan jini. Maƙwabta suka kama aka sa ta a bayan Fijo, Malam ya nufi asibitin Shika. A daidai kasuwar Samaru, inda motocin haya ke cunkushewa, dole ya taka birki. Mota ta yi tari biyu ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, yana jin numfashin matarsa a bayansa yana sama-sama. Wani direban bas ne ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke su. Ubangiji ya sa da sauran kwana, Clara ta farfaɗo, sai dai hannunta na hagu bai koma daidai ba. Ba ta ce masa komai a kan motar ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Alhamis aka ja Fijo zuwa Sabon Gari. "Yi abin da ka ce," in ji Malam. Kafin la'asar Ɗalhatu ya kwance injekta da wayoyinta da akwatin, ya ɗora kafireta, ya kara sukudireba a kunne yana juya noti a hankali har inji ya kwanta, yana tafiya sumul ko girgiza babu. A hanyar gida Malam ya rage gudu a Kwangila, har ya tsaya cak da gangan. Ba ta mutu ba. Ya zauna riƙe da sitiyari ana yi masa hon, zuciyarsa ta yi nauyi kamar an yi masa rasuwa.

Da Lahadi ta zo ya faɗa wa Japheth gaskiya, domin bai iya wani abin ba. Ya shirya wa faɗa, har yana fatan a yi, don faɗa ma magana ce. Amma Japheth cewa ya yi, "Ba komai, Baba. Gara haka, lafiyan Mama ta fi. Ɗalhatu ya san aikinsa." Malam ya duba littafinsa, babu abin karantawa.

"To," in ji Japheth, "ba Mama waya in gaishe ta."

Lahadi ta gaba wayar Clara ce ta yi ƙara a ɗaki. Malam yana gindin mangwaro yana jiyo ta tana cewa, "Zai ji, zai ji." Ta fito ta ce, "Baban Japheth, yana gaishe ka." Ya ce yana amsawa. Ta gaba ma haka, da ta bayanta. Motar kuwa lafiya lau, har Zonkwa ya je da ita ya dawo bai buɗe bonet ba.

Ranar Litinin ta huɗu bayan gyaran Malam ya isa gareji da safe. Ɗalhatu yana ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu. "Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba." Malam ya rage murya. "Kayan nan da ka cire, suna nan?"

"Suna cikin buhu. Mai saye ka samu?"

"So nake ka mayar."

Ɗalhatu ya tsaya da tsumma a hannu. Ya buɗe baki zai yi irin tsiyar da ya saba, sai ya dubi fuskar dattijon, ya ga yadda ya rame cikin wata ɗaya, ya fasa. Shi ma uba ne, kuma kunnensa ba a inji kaɗai yake aiki ba.

"Tun ina yaro nake gyaran mota," ya ce a hankali, "ba a taɓa roƙona in ɓata ba. Kuma ba zan sake sa Maman Japheth a motan da ke mutuwa a hanya ba, ko me za ka ce. Malam, kai ma kana da yatsa. Lamban yaron tana cikin wayanka. Ka kira shi mana."

"In ce masa me?"

"Duk abin da uba ke ce wa ɗa."

Malam ya ciro wayar daga aljihu, ya juya ta a tafin hannunsa, idonsa ya cika. "Ɗalhatu, abu ɗaya na taɓa ce masa daga zuciyata, shi ne ya kore shi. In ba maganan mota ba, ni ban iya magana da ɗana ba."

Ɗalhatu ya ajiye tsumma. Ya jawo benci ya kakkaɓe, ya zaunar da shi, ya ɗaga murya ya ce wa mai walda na kusa ya ɗan dakata da ƙara. Sannan ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara, ya kwanta bai taɓa ko sifana ba, ya bar Malam Mordecai zaune da waya a hannu, babban yatsansa a kan sunan ɗansa.