Ƙarangiyar da Ta Ceci Akuyata

Jiya ina cire ƙarangiya daga gefen zanena, ɗaya ta soke ni a yatsa, sai na ji ina dariya ni kaɗai. Kowa zagin ƙarangiya yake yi, ni kam bakina ba ya iyawa. Ita ta taɓa ceto mini akuya.

A wani ƙauye kusa da Runka na tashi, a gidan malamai. Kakana na wajen uba yana karantar da manya a zaure, ni kuma aikina kai masa fura bayan la'asar. Cikin abin da ya karanto a yawon neman ilimi har da mantiƙi, wato sanin hujjar da ke tsayawa da wadda ke faɗuwa. Ɗalibansa ba sa son fannin, sai ya riƙa hucewa a kaina. Yakan share ƙasa da tafin hannu, ya zana babbar da'ira da ƙarama a cikinta, ya ce duk tunkiya dabba ce, duk dabba tana shan ruwa, to me ya fito? In na amsa daidai, ragowar fura tawa ce. Wata rana ya ɗana mini tarko: duk jaki yana da kunne, ni ma ina da kunne. Na tura baki na ce ni dai ba jaki ba ce. Ya yi dariya har da tari, sannan ya zana ƙananan da'irori biyu cikin babba, ba su taɓa juna ba. Babbar ita ce masu kunne, ni ina nan, jaki yana can.

Ina da jar akuya da gwaggona ta ba ni tun tana 'yar ƙarama. Ni na raine ta da dusa da harawa, kuma ban haɗa ta da komai ba a duniya.

Ƙarshen wata damina, wake ya yi fure, dabbobi duk suna turke bisa umarnin mai gari, sai ga maƙwabcinmu a zaure yana huci. Daga gona yake, ko gida bai biya ba. Ya ce wata akuya ta yi masa ɓarna a wake, ya hango ta daga nesa tana gudu, kuma ja ce. Abin haushi, ranar igiyar tawa ta kwance, a bayan rumbu na tsince ta. Al'adar garin kuwa, dabbar da ta yi ɓarna ba ta sake zama, kasuwa ake kai ta. Babana ba ya son rigima, nan take ya ce ranar kasuwar Batsari za a tafi da ita.

Na ajiye furar na ƙi fita. Yarinya ba ta magana a zaure, amma na tsaya a bakin ƙofa. Kakana ya dube ni ya ce, "Akwai magana bakinki. Hwaɗi."

Na ce, "Baba, wadda ta yi ɓarna ja ce, tawa ma ja ce. Ai wannan kunnen jaki ne."

Maƙwabcin ya ce, "Mi wagga ɗiya ke cewa?"

Kakana ya juyo gare ni ya ce, "Kin rushe tashi hujja. Ina taki?"

A lokacin idona ya sauka kan ƙafar wandon mutumin, ƙarangiya ta yi mata dam. Na tambaye shi ko ana shiga gonarsa a fito ba ƙarangiya. Ya ce ko kare bai isa ba, ta kewaye gonar kaf. Na ruga na jawo akuyata. Maƙwabcin ya shafa ta da hannunsa daga wuya har ƙafafu, ya sake shafawa. Ko ɗaya babu. Duk mai shiga yana kwasowa, ita ba ta kwaso ba, to ba ta shiga ba. Daɗin da na ji a ranar har yau ban ji irinsa ba.

Sai yayana, da shi ma yake zauren, ya yi caraf ya ce ai akuyar maƙwabcin ma ja ce, kuma ya gan ta ɗazu jikinta duk ƙarangiya, ashe ita ce. Zauren ya ɗauki guna-guni, mutumin ya sunkuyar da kai. Raina ya so in yi shiru, Allah ya sani. Amma na ce a'a, hanyar rafi ma akwai ƙarangiya, tasa ba ta kamu ba tukuna.

Kakana ya turo mini ƙwaryar furar gaba ɗaya, ko kurɓa bai yi ba.

Yau ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, muna zaune a Batsari. Ɗiyata tana shirin jarrabawar neman aiki, irin tambayoyin nan ne a wayarta da Turanci, da ta fassara mini nake amsawa, tana ta mamaki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunnen jaki ya cika gari. Kwanaki a kasuwa wani ya nuna wani tsoho mai sayar da nono, ya ce ɓarayin daji Fillanci suke yi, wannan ma Fillanci yake yi. Mutane suka fara taruwa. Na ajiye kwandona, na share ƙasa da tafin hannu, na zana babbar da'ira ta masu Fillanci, na nuna musu ɓarayi suna nan, tsohon yana can. Tsohon ya sayar da nononsa, ya koma gida lafiya.