Ƙofar da ke Kallon Kasuwa

Har yau ban manta da ranar da Hausata ta kori mutum daga ofishinmu na unguwar Woolwich a London ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun tarar da ƙofar baya a buɗe, kuna tsammani haka take tun asali. Bari in gaya muku yadda aka yi aka buɗe ta.

A lokacin ina nas a sashen da ke karɓar masu shan ƙwaya. Ga wanda bai san aikin ba, mu ba ma fara wa mutum da cewa ya daina. Muna ba shi allura mai tsabta don kada ya yi amfani da ta wani ya ɗauki cuta, mu gwada jininsa, mu wanke masa gyambo in yana da shi. Muna kuma ba shi naloxone, wani magani da ake fesa wa mutum a hanci idan heroin ta yi masa yawa har numfashinsa na neman tsayawa. Ran da ya ce ya gaji yana son dainawa, sai mu haɗa shi da likita.

Ranar nan da rana na fito daga ɗakin jinya ina waya da yayata da ke Zariya, muna maganar bikin 'yarta. Na ratsa ta wurin da mutane ke jira ina ta zuba Hausa ina dariya. Wani saurayi da ke zaune a lungu ya ɗago kai ya dube ni, ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, ya tashi ya fita, ko abin da ya zo karɓa bai karɓa ba. Mai karɓar baƙi ta ce mini ya daɗe yana zuwa, Nick yake cewa sunansa, bai taɓa ba kowa matsala ba. Nan take na gane cewa Nick ɗin nan namu ne.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a wannan lokacin an aiko mana da gargaɗi cewa ana gauraya heroin da wani sinadari mai ƙarfi, mutane suna faɗuwa da ɗan abin da suka saba sha. Wanda ya daina zuwa wurinmu zai koma aron allura, kuma ba shi da maganin farfaɗowa a aljihu. Na sami shugabarmu Helen na faɗa mata. Ta ce ta fahimta, amma doka ba ta ba mu damar bin mutum gida ba tare da yardarsa ba. Abin da ta iya yi shi ne ta sa ni cikin masu fita zagaye, wato ma'aikatan da ke yawo da jaka zuwa wuraren da masu sha suke taruwa.

An ɗauki makonni kafin na gan shi, zaune a kan benci a bakin kogi. Na zauna nesa kaɗan, na yi masa magana da Turanci, na ce ga allura ga naloxone idan yana buƙata. Ya juyo ya dube ni. Can sai ya ce da Hausa, "Anti, ke 'yar ina ce?"

Na ce Zariya. Ya ce shi ɗan Kano ne, Nura sunansa. Karatu ya kawo shi London, ya ji ciwo a baya a wurin aikin ɗaukar kaya, aka ɗora shi a kan maganin kashe zafi, da aka yanke masa sai ya nemi na titi. Yana da kawu likita a garin nan, wanda kusan kowane Bahaushe ya sani. Da ya ji muryata, ya ce, sai ya ga kamar labarinsa ya riga ya isa kunnen mahaifiyarsa.

Na bayyana masa cewa abin da ya shiga ofishinmu ba ya fita, kuma in na buɗe baki aikina zan rasa. Ya ce ya yarda da ni, amma ba ni kaɗai ce matsalar ba.

"Anti, ƙofarku kasuwa take kallo. Duk matar da ta zo sayen doya da tattasai tana ganin wanda ya shiga. Na san mutum da yawa, namu da 'yan Gana, da gara su mutu a ɗaki da a gan su a bakin ƙofar nan."

Ni da nake shiga ta ƙofar kullum, har in tsallaka in yi cefane in an tashi, ban taɓa kallonta da wannan idon ba.

Na kai maganar taronmu na mako. Helen ta ce canza ƙofar gini sai da izinin council, wato ƙaramar hukuma, kuma wannan ba abin yau ko gobe ba ne. Amma akwai ƙofar ma'aikata ta baya, wadda ke fita wani lungu da ba kowa ke bi ba. Wasu abokan aiki suka nuna damuwa kan tsaro, kuma suna da gaskiya, don haka aka sa ƙararrawa, aka ce kullum mutum biyu za su riƙa zama a wurin. Na kuma roƙa a bar mu mu koya wa masu shan da kansu yadda ake fesa naloxone, mu ba su fiye da ɗaya su kai wa waɗanda ba za su taɓa zuwa ba. Ta amince a gwada. Nura ne na farko da na koya wa, a kan roba mai siffar mutum da muke horo da ita. Ya maimaita har sai da ya iya.

Wata la'asar ina tsakiyar ɗaure wa wani ƙafa aka ce ana nemana a waya da gaggawa. Nura ne. Abokin zamansa a gidansu na unguwar Plumstead, wani Alhassan ɗan zangon Kumasi, ya faɗi a banɗaki, leɓensa ya canza launi, ba ya amsawa. Nura ya riga ya kira motar asibiti, ya fesa maganin, amma mutumin bai motsa ba. Na ce ya fesa na biyu a ɗaya hancin, ya ci gaba da hura masa numfashi kamar yadda na nuna masa, kada ya tsaya. Na ji ya ajiye wayar a ƙasa. Ina jin numfashinsa da salatin da yake yi, ni kuma ina tsaye da safar hannu, ba abin da zan iya yi daga inda nake.

Sai na ji tari, na ji wata murya mai kauri tana faɗa da Hausar zango, wai wane ne ya jiƙa masa riga. Nura ya ɗauki wayar yana kuka yana dariya. Na ce ya kwantar da shi a gefensa, kada ya bar shi ya tashi ya tafi, domin maganin yana iya sakinsa ƙwayar ta sake kama shi. Ya riƙe shi da rarrashi har ma'aikatan asibiti suka iso.

Bayan an sallami Alhassan, shi da kansa ya zo ta ƙofar baya, ya kawo wasu mutum biyu da ba mu taɓa gani ba. Daga nan fuskoki suka yi ta ƙaruwa, har da mata, waɗanda da ƙyar muke ganinsu a da. Nura kuwa sai da aka yi watanni kafin ya ce yana so ya ga likita. An ɗora shi a kan magani, ya taɓa komawa ruwa, ya dawo ya faɗa mana da bakinsa, muka ci gaba daga inda aka tsaya. Yanzu shi ne ke koya wa sababbin zuwa yadda ake fesa naloxone, kuma suna sauraronsa fiye da yadda suke sauraronmu. Kwanakin baya ya ce mini yana shirin zuwa Kano ya ga mahaifiyarsa, karo na farko tun da ya baro gida.

Abin da na koya shi ne, mun ƙware wajen tambayar wanda ya shigo me yake buƙata, amma ba mu cika tambayar me ya hana sauran shigowa ba. Amsar tana bakin mutanen da muke yi wa aiki, in mun zauna kusa da su mun yi haƙuri. Za ku gamu da 'yan uwa da za su ce muku wannan aiki ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Kada ku yi fushi da su. Ku ce musu aikinku shi ne mutumin ya kai gobe da ransa, domin wanda yake raye ne kaɗai zai iya wayar gari ya ce ya gaji, kuma ranar da ya faɗa, ya kamata ya same mu a kusa.