Na Ɓata a Ƙasar da Kakana Ya Raɗa wa Suna

Yamai

Kafin kiran assalatu na hau motar Dogon Dutsi. Surukina Alhaji Nomau na takarar konseye, wato kansila, a Dumega, yana neman mai jin Faransanci ya wakilce shi a biron zaɓe, inda ake jefa ƙuri'a, washegari. Ni Babarbare ne daga Damagaram, a Yamai aka ɗaura mana aure, ban taɓa taka garinsu ba. Da matata Hadiza ta so yi mini kwatance sai na hana ta. Ni da nake koyar da labarin ƙasa! Kullum tana cewa su 'yan Arewa ne, to me ya rage?

Mun sha shayi a Doso, jandarmomi suka duba katinmu. A Kore Mairuwa ana ta kiran "Tibiri! Tibiri!" Na gyara zama, ina tausayin masu sauka a wannan rana.

Dogon Dutsi

Duwatsun nan jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai sun tsaya bayan gari. Na ci tuwon gero da miyar kuka, na kwana a gidan wani abokin karatu, ban tambaye shi komai ba don kada ya raina ni. Da safe a tasha wani direba ya ce, "Malam, ina za ka?"

Na ce, "Arewa."

"Ai Arewa kake."

Na ɗauka ba'a ce. Na dubi rana, na nuna hannun hagu, wato arewa, ya saka ni motar Sukukutane.

Hanyar yashi

Sau biyu muna sauka turi. Bayan Matankari na tambayi wani matashi ɗan kasuwa ko Dumega da sauran nisa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Dumega? Mais non, Malam, kudu take, departeman na Tibiri! A Kore Mairuwa aka sauka! Arewa sunan ƙasa ne, don Ari, ɗan sarkin Barno da anka ce ya zamna nan. Kai wane iri ne?"

Da na ce Babarbare, motar ta kwashe da dariya. Mu da Arawa, mutanen ƙasar Arewa, abokan wasa ne, ba wanda ya raga mini. Wayata kuma ba rezo, balle in kira.

Dumega

Kabu-kabu da motar awaki suka kai ni, ana sallar magariba, an gama ƙidayar ƙuri'u. Kakar Hadiza ce ta tare ni a zaure.

"Ga jikan Ari! Kakanka ya taho tun daga Barno bai ɓace ba, kai kwalta ta gagare ka?"

Wannan na iya haɗiyewa. Sai ƙanen Hadiza ya gaya mini cewa tun safe 'yan jam'iyya ke roƙon Alhaji ya sa wani a kujerata, shi kuwa yana cewa, "Surukina ya ce shina tahe." Sai bayan azahar ya yarda.

Alhaji ya ci zaɓe, ya sami kujerarsa. Da na durƙusa gabansa sai kawai ya tambayi gajiya, ya turo mini ƙwaryar fura. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gida

Na dawo Yamai lafiya, godiya ga Allah da mutanen Dumega da suka ciyar da ni ba don halina ba. Hadiza ta karɓi jakata, ta ce, "Babana ya kira. Ya ce in za ka sake zuwa, zai tsaya maka da kansa a Kore Mairuwa."