Ranar da Aka Yi wa Injinan Baba Mai Famfo Fenti

Kafin kowa ya sa hular aiki a masana'antar garin madarar da yayata ke aiki, Baba Mai Famfo ya riga ya shige ɗakinsa na baya, ɗakin nan mai zafi da ƙara wanda ko masu gadi ba sa marmarin leƙawa. Injinan zuƙe iska ne a ciki, su ke tsotse iskar leda kafin a liƙe ta don kada madara ta lalace. Yakan dafa bayan kowanne kamar uwa mai duba zazzaɓi, ya kakkaɓe matatar iska, sannan ya durƙusa ya leƙa wani ɗan gilashi da bai fi murfin kwalba ba, inda ake ganin man injin. In man ya yi launin zuma, lafiya lau. In ya yi fari, ruwa ya shiga, injin na dab da ƙonewa.

In kuwa ya ƙone, daga nesa ake kawo kayan gyaransa, matan layin liƙe leda sai zaman gida har illa masha Allahu. Duk tsawon aikin Baba hakan bai taɓa faruwa ba. Abin da ke ba ni haushi, rashin faruwar ne ya sa manya ba su ma san fuskarsa ba. Kai ne garkuwar da ba a gani, Baba, kai ka hana tukwane da yawa yin sanyi.

Matan dai sun sani. Da ritayarsa ta zo, suka ce sai sun yi masa abin da ba zai manta ba. Ranar hutu suka shiga ɗakin da tiyo suka wanke shi tas, suka bi injinan da shuɗin fenti, ba su bar ko ƙusa ɗaya ba. Ƙauna ta yi ƙauna, har ɗan gilashin nan ya sha nasa rabon. Ga shi makanikin da zai gaje shi bai kama aiki ba tukuna.

Ranar walimar sallama Baba ya zo cikin fararen kaya, matarsa a gefe. Aka ja shi da guɗa ya ga kyautarsa, injina na ta aiki suna sheƙi. Yayata ta ce murmushi ya yi, sai kuma ya fara lalube aljihu.

"Malam," in ji matarsa, "kada ka kuskura ka durƙusa da kayan nan."

Ai ya riga ya durƙusa. Ya sa makulli ya kankare fentin gilashin, sai ga man ya yi fari fat. Ruwan wanki ya shiga. Ya kashe injin, ya naɗe hannun riga, ya zubar da gurɓataccen man ya zuba sabo, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, abinci na can yana hucewa. Matan suka yi tsuru-tsuru, har wata ta fara hawaye.

"Haba 'ya'yana, kuka na mene ne? Tunda nake ba wanda ya taɓa yi wa injinan nan kwalliya. Ku dai matso ku ga inda ba a shafawa."

Haka ya sa su durƙusa bi da bi, kowacce ta leƙa, ya nuna musu launin lafiya da na ciwo, ana ta dariya.

Jama'a, mu yi koyi da shi: abin da aka ba ka amana, duba shi tun yana lafiya, wanda ya yi kuskure don ƙaunarka kuma kada ka kunyata shi.

Mun gode, Baba, Allah ya sa ka huta lafiya. Matarka ta ce rigar ba ta wanku ba, kuma har yau ba ta huce ba. A ba ta haƙuri a madadinmu, a gaya mata washegari yayata da duk matan layin sun fita aiki.