Doki Ɗari Biyar a Cikin Takabata

Kwana goma sha tara da rasuwar maigidan, ɗana ya shigo ɗaki da hantsi, ya tsuguna a gefen darduma ya ce, "Ummi, ina gwangwanin Baba?"

Na san wanda yake nufi. Na ci gaba da jan carbina. A kwanakin nan komai sai ya daɗe kafin ya iso gare ni. Ban yi kuka ba ranar da aka fita da gawa, ban yi ba ranar uku, ban yi ba ranar bakwai. Mata suna ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Jin kaina nake kamar hannun da aka kwana a kansa. Ina salla, ina dafa abinci, ina amsa gaisuwa, shi ke nan.

Maigidan makanike ne. Shekara ashirin da shida ya yi a warsha ɗaya, wato gareji, a unguwar Mahjar, ƙarƙashin kafili ɗaya, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a hukuma. Iƙamata da ta ɗana, wato takardun izinin zamanmu, duk a jikin tasa suke. Da ya yanke jiki ya faɗi a bakin warshar wata Talata, zamanmu a Jidda ya zama ba shi da madogara. Ɗana a nan aka haife shi. Shekarunsa ashirin da biyu, bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa ma rabi ce.

Kafilin ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a sosai. Da zai tafi ya ja ɗana gefe. Akwai baƙar motarsa 'yar Amurka, mai fistan takwas, wadda maigidan ya yi wata bakwai yana gyarawa don tsere a fili. Maigidan ya yi masa alkawarin zai kai ta doki ɗari biyar, don da doki ake faɗin ƙarfin mota. Kafilin ya ce idan ɗana ya ƙarasa aikin, na'ura ta nuna ɗari biyar, zai mayar da iƙamarsa kan warshar, ni kuma in zauna a ƙarƙashinsa. Idan bai iya ba, to warsha tana bukatar wanda ya iya. Bai faɗa da mugunta ba. Daga bayan labule na ji, na kuma lura cewa agogon bangonmu ya yi latti da minti huɗu.

Abin da ya rage a aikin shi ne naitaras. Wata iska ce a shuɗiyar kwalbar ƙarfe, ana ɗaure ta a but ɗin mota, a ja siririn tiyo har injin. Idan direba ya take mai har ƙasa, sai ta fesa ciki tare da ƙarin fetur, ƙarfin motar ya ƙaru nan take. Abin da ke auna yawan iskar da fetur ɗin wasu 'yan ƙananan tagulla ne da suke kira fonya, kowanne kamar ƙwayar masara, da ɗan rami a tsakiya, irin na kan murhun gas. Biyu-biyu suke aiki, ɗaya na iska, ɗaya na fetur. Idan iska ta yi yawa fetur ya gaza, fistan ya narke.

Na san wannan duka ne saboda idon maigidan. Ciwon suga ya ci masa gani, bai kuma so a sani a warsha ba. Lambobin da ke jikin fonya ƙanana ne ƙwarai. Sai ya kawo su gida a tsohon gwangwanin madara, ranar wata Juma'a bayan an sauko, muka zauna a gindin tagar kicin. Ina karanta masa, yana haɗa su.

"'Yar sakandare, karanta mana," ya ce.

"Kai da ka ce boko ba ya gyara mota?"

"Yau dai ya gyara. Yalla."

Ni na kawo shawarar zaren. Na ɗauko na ɗinkina, na zura ta ramukan, na ƙulle kowane biyu wuri ɗaya. Farin zare ƙananan, kore matsakaita, ja manyan. Daga nan ko a duhu zai iya ɗauka.

Yayar maigidan da ke zaune a unguwar Hindawiyya ta zo zaman makoki ta yi kwana goma a wurina. Mace ce mai tsabta da tsoron Allah, ba ta iya zama hannu sake. Ranar ta biyar tana share ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin. Da ta buɗe sai ta saki tsintsiya.

"Inna lillahi. Ke, zo ki gani. Tagulla da ƙulli, har da jan zare, a ƙarƙashin gadon da yake kwana! Shi ya sa mutum lafiyarsa lau ya faɗi."

Ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana tofa addu'a, hawaye na zuba. Ta wanke tagullar da zamzam, ta ƙone zaren a kaskon turare. Ina zaune ina kallonta. Na san ko mene ne, ni na ƙulla su da hannuna. Bakina ne bai buɗu ba. Na ga kamar magana aiki ne mai nisa. Ta zuba su a finjalin gahawa ta ce a kai teku a watsar, na ce to, na ɗora a kan firji.

Finjalin na miƙa wa ɗana ranar da ya tambaya. Ya zazzage su a tafin hannu, guda shida, duk kama ɗaya.

"Fen zaren, Ummi? Ina yake? Baba ya ce akwai zare."

Na gaya masa. Ya dafe kai, ya ɗauki waya ya kira gwaggon tasa.

"Ya Gwaggo, wallah kin kashe ni. Kayan mota ne!"

Ina jin muryarta daga inda nake. "Kayan mota a ƙarƙashin gado? Kai tafi can, ɗan Jidda, me ka sani? Ubanka ma ni na goya shi."

"Tayyib, Gwaggo, kin karya sihirin. Mota ma ta karye."

Takardar da ta zo da kayan ba ta da amfani, don maigidan ya canja abubuwa da yawa a injin, lissafin nasa a kansa yake. Ɗana ya jera fonyar a kan faranti yana juya su. Akwai mai lamba talatin da biyar, akwai mai talatin da uku, ya rasa wanne ne na iska wanne ne na fetur. Idonsa ya yi ja.

Na ce ya kawo farantin gindin taga. A kwanakin nan idan na rufe ido ina neman fuskar maigidan ba na samu. Amma da na ɗaga tagullar ga haske, lambobin suka zo da kansu. Talatin da biyar da ashirin, fari. Hamsin da biyu da ashirin da takwas, kore. Sittin da biyu da talatin da uku, ja. Babbar lamba ta iska ce, ƙaramar ta fetur. Na sake ƙulle su. Na ba shi fari da kore, na riƙe ja.

"Wannan fa?"

"Babanka ya ce ja ba yanzu ba, sai an canja famfon mai."

"Ummi, idan kore bai kai ba fa?"

"Haka ya ce."

Kwana tara yana aikin. Ina takaba, ba na fita, don haka motar a bakinsa na san ta. Idan ya dawo la'asar zai zauna kan shinkafa yana ba ni labari da Hausa da Larabci a cakuɗe. Yau ya ɗaure kwalba a but, bakinta na kallon gaba. Yau ya bi da tiyo ta ƙarƙashin mota, nesa da salansa. Yau ya haɗa bawul biyu masu aiki da lantarki, ya canja fulogogi. Ina cewa Allah ya yi albarka. Ina kallon bakin farcensa da ya yi baƙi kamar na ubansa, ina jira in ji wani abu, ba na ji. Sai in tashi in ɗauko masa sabulu.

Ranar Alhamis da safe suka kai motar daino. Na'ura ce da ake hawa da mota kan wasu manyan gangunan ƙarfe da ke cikin ƙasa, a ɗaure ta gaba da baya. Tayoyi su yi ta gudu, motar tana nan inda take, allo yana nuna dokin. Lokacin sanyi ne, irin ɗan sanyin Jidda da ba ya daɗewa. Ina tsince shinkafa ya kira.

"Ummi, ba tare da iska ba, ta ba da ɗari huɗu da biyar. Da fari ta tafi lafiya. Yanzu kore. Ki yi addu'a, kar ki kashe."

Na ajiye wayar a kan tire. Ƙara ta taso a hankali, ta yi sama, ta ƙara sama har 'yar wayar tana zuza a cikin shinkafa, sannan ta sauka. Na ji maza suna magana da Larabci. Ya dawo.

"Ɗari huɗu da tamanin da takwas."

Na ɗauki wayar daga kan tire.

"Saura sha biyu, Ummi. Kafili yana tsaye. Zan zo in ɗauki ja, minti ashirin ne. Sau ɗaya kawai za mu gwada, wallah sau ɗaya."

Jan zaren yana ɗaure a bakin zanena. Na duba shi. Idan na ba shi injin ya narke, mun tafi. Idan na hana, mun tafi. Ban ji tsoro ba, kamar lissafin wasu mutane nake yi. Sai idona ya sauka kan fulas ɗin ruwan zafi da ke kan kanta. Na tuna wata safiya da maigidan ya ce in cika masa shi, in haɗa da tsohon tawul. Na tambaya ko shayi zai sha da tawul, ya ce kwalbar nan jaririya ce, idan ta ji sanyi ba ta da kuzari, kuma ba a kai mata wuta, ruwan ɗumi ake naɗa mata.

"Akwai agogon awo a wuyan kwalbar," na ce. "Ina allurar take?"

"Daƙiƙa." Na ji takunsa, na ji ya buɗe but. "Ɗari bakwai da wani abu."

"Babanka sai ta wuce ɗari tara yake taɓa ta. Nemi ruwan zafi da tawul. Ka taɓa da bayan hannunka tukuna, kamar na wankan jariri."

"Ummi, mutane suna kallona."

"Su kalla."

Ya karɓo ruwa a wurin mai shayi da ke kusa, ya cire rawanin da ke wuyansa ya jiƙa. Daga baya ya gaya mini mai na'urar ya yi ta dariya yana tambaya ko za a shafa mata hoda. Na ƙarasa tsince shinkafar, na wanke, na ɗora. Kusan rabin sa'a. Wayar ta sake ƙara, ya ce allura ta hau, ya ce bismillah, ƙarar nan ta sake tasowa. A kunnena daidai take da ta farko.

"Khamsumiyya wa talata! Ummi, ɗari biyar da uku!"

Yana kuka. Na ji muryar kafilin a bayansa yana cewa halas, magana ta ƙare, ya kawo fasfo ranar Asabar.

Na ce alhamdu lillahi, na kuma san da gaske nake. Na ce ya biya ya sayo tumatir idan zai dawo. Na rage wutar shinkafa.

Da azahar ya shigo da takardar da na'urar ta buga, layi biyu masu hawa kamar tudu, da lambar a sama. Ya ɗora mini a cinya ya kifa kansa a gwiwata. Na dafa kan. Gashinsa yana warin fetur. Ya manta tumatirin.

Iƙamarsa ta fito kafin in fita takaba, tawa ta biyo baya. Motar ban taɓa ganinta ba. Takardar na sa a jakar da muke ajiye takardu, ta faɗa kusa da ta shaidar rasuwa, don nan ne akwai wuri. Jan zaren na mayar cikin gwangwanin, amma a durowar kicin, inda Yaya ba ta share-share.